Tsarin ginin gida da bitamin D: abin da tsakar gida ke bai wa jiki

Bitamin D sinadari ne da ke taimaka wa hanji tsotse kalsiyum daga abinci, wanda da shi ƙashi ke ƙarfi. Ana samun kaɗan a gwaiduwar ƙwai, hanta da kifi mai maiƙo irin sardin, amma mafi yawansa fata ce ke sarrafawa idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Wannan haske ba ya ratsa bango ko rufin kwano, kuma gilashin taga na tare kusan dukkansa. Mutum na iya wuni a ɗaki mai haske tarwai, jikinsa bai samu komai ba.

Turawa sun gane haka da wahala. A biranen masana'antu na Ingila, a ƙarni na 19, dogayen gidaje, matsattsun lunguna da hayaƙin kwal sun hana rana isa ƙasa, yara da dama suka tashi da laushin ƙashi: ƙafafu a lanƙwashe, haƙora na jinkirin fitowa. Tun 1822 wani likitan Folan, Jedrzej Sniadecki, ya lura cewa cutar ta fi kama yaran birnin Warso fiye da na ƙauye, ya kuma danganta ta da rashin rana. A 1919 Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Balin da hasken fitila mai fitar da UV.

A ƙasar Hausa rana ba ta ƙaranci, gudunta ma ake yi. Gidajen ƙasa na unguwar Birni a Damagaram na da katanga mai kauri da ƙananan tagogi don maganin zafi, ɗakunan kuwa duhu. Tsakar gida ce ke cike gurbin: nan ake daka, girki, wanki da shanya, nan yara ke rarrafe. Ko a gefen inuwa, muddin sama a buɗe take, wani kaso na hasken na isa fata.

Sabon yayin gini a Yamai da Maraɗi na rage wannan fili. Fegi ya yi tsada, ana cike shi da ɗakunan haya, wasu su rufe tsakar gidan da kwano gaba ɗaya, ko su hau bene marar baranda. Mai fita kasuwa ko gona ba ruwansa. Waɗanda abin ya shafa su ne matan da ke cikin kulle, masu jego, jarirai da tsofaffi marasa fita, ga shi baƙar fata na buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta sarrafa adadi ɗaya. Barin wani sashe na tsakar gida ba rufi ya fi babbar tagar gilashi amfani.

Sai dai ba kowace lanƙwasar ƙafa ce daga rashin rana ba. Binciken da aka yi a Jos ta Najeriya ya nuna cewa yawancin yaran da ke da cutar a can ƙarancin kalsiyum a abinci ne ya jawo musu, shi ya sa likita kan tambayi abin da yaro ke ci, musamman nono da madara, kafin ya rubuta magani.