Gashin ƙirji da motsa jiki: kulawar da masu ciwon zuciya da huhu ke rasawa a ƙasashe masu tasowa

Idan aka ambaci gashin ƙashi, wanda a Nijar da Chadi da Kamaru aka fi sani da "kine", hankalin mutane yakan tafi ga mai karaya ko mai shanyewar ɓarin jiki. Sai dai akwai reshen wannan fanni da ke kula da masu ciwon zuciya da huhu: wanda ya tsira daga bugun zuciya, wanda aka yi wa tiyata a ƙirji, mai asma, da wanda ya gama shan maganin tarin tibi amma numfashinsa bai koma daidai ba.

Yadda ake aikin

Aikin ya kasu gida uku. Na farko shi ne fitar da kaki daga huhu, ta hanyar sauya kwanciyar majinyaci da koya masa dabarun tari da numfashi. Na biyu shi ne motsa jiki da aka auna daidai ƙarfin mutum, kamar tafiya, tuƙa keke da ɗaga ƙaramin nauyi. Na uku shi ne ilmantarwa kan barin taba, rage gishiri da shan magani a kan ƙa'ida. Ga masu ciwon huhu, shirin yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, ana haɗuwa aƙalla sau biyu a mako.

Amfaninsa a fili yake. Mai haki yakan guji motsi, rashin motsi ya raunana tsokoki, raunanan tsokoki kuma su ƙara masa haki ko da aiki kaɗan ya yi. Motsa jiki a ƙarƙashin kulawa shi ke karya wannan zagaye, ya rage yawan komawa gadon asibiti.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. A wannan shekarar, cutar toshewar hanyoyin numfashi ta kashe mutum miliyan 3.23. Taba ba ita kaɗai ce sanadi ba, domin fiye da mutum biliyan 2 a duniya da itace, gawayi ko kashin dabbobi suke girki, mata da yara ne kuma suka fi shaƙar hayaƙin. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa.

Duk da haka, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano cewa ƙasashe 111 ne cikin 203 ke da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya. A Turai kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasashe suna da shi, a Afirka kashi 17 kacal.

Abin da ke kawo cikas

Babban cikas shi ne ƙarancin ma'aikata. A cewar OMS, ƙasashe masu tasowa da dama ba su kai ƙwararru 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya ba a fannin farfaɗo da majinyata. Waɗanda ake da su ma sun taru a manyan birane. Ga manomi daga karkara, zuwa asibiti sau biyu a mako na nufin kuɗin mota da asarar yinin gona. Likitoci da yawa kuma ba sa tura majinyaci wajen mai gashi, dangi su ma sun ɗauka cewa hutu kawai mai ciwon zuciya ke buƙata.

Hanyoyin gyara

Yawancin aikin ba ya buƙatar na'urori masu tsada. Gwajin tafiyar minti 6, wanda ake auna ƙarfin majinyaci da shi, yana buƙatar fili mai tsawon mita 30 da agogo ne kawai. Kwalbar ruwa ko jakar yashi kan maye gurbin ƙarfen ɗagawa. A asibitin Mulago da ke Kampala, Yuganda, an gwada shirin mako 6 da irin wannan kaya mai araha ga waɗanda tibi ya lalata wa huhu, aka ga tafiyarsu ta ƙaru. A Indiya kuwa, an gwada shiri mai amfani da yoga a kan mutum kusan 4,000 da suka yi bugun zuciya, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa sun fi komawa harkokinsu na yau da kullum.

Darasin shi ne a gina shirin kan abin da jama'a suka saba da shi, a kuma kusanto da shi. Ƙwararre ɗaya zai iya horar da malaman jinya da jami'an lafiya na ƙauye, su riƙa tara majinyata rukuni-rukuni, ana bin diddigi ta wayar salula. Makarantun da ke horar da masu gashi, kamar na Lome da Kwatano da Jami'ar Bayero ta Kano, suna da rawar takawa wajen ƙarfafa darasin zuciya da huhu.

A siyasance ma an samu madogara. OMS ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da majinyata na 2030 a shekarar 2017, sannan a watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko kan batun, inda ya buƙaci ƙasashe su saka wannan kulawa cikin tsarin lafiya a matakin farko da kuma kasafin kuɗi.

Ga majinyaci, ƙa'idar ita ce kada ya fara motsa jiki sai likita ya duba shi. Idan kuma ya ji ciwon ƙirji, jiri ko haki mai tsanani yana cikin yi, ya dakata nan take ya nemi asibiti.