Benen da Aka Rusa da Benen da Aka Ƙara wa Baranda

Da yawanmu mun taɓa raba dare a kan waya muna kallon hotunan wuraren da mutane suka watse suka bari. Ga Pripyat ta ƙasar Yukiren, da aka kwashe mazaunanta a 1986 bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl, yau bishiyoyi sun cinye titunanta. Ga tsibirin Hashima na Japan, benaye na kankare tsaye ba kowa tun da aka rufe mahaƙar kwal a 1974. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna yara an sha hana mu shiga kangon unguwa, wai akwai aljanu ko maciji, mu kuwa sai mun leƙa.

Daɗin kango shi ne babu mai ƙorafi a cikinsa. Rufi ya yi yoyo, ba katifar da ta jiƙe. Mai kallo ne ke cika ɗakunan da labarin da ya ga dama. Wahalar tana ga tsohon ginin da bai kai ga zama kango ba: fenti ya ɓare, famfo ya lalace, amma da iyalai a ciki suna girki suna shanya. Shi ne wanda dole wani ya yanke masa hukunci, ko a gyara ko a rusa.

Mu masu sana'ar rubuta manhaja mun san wannan tsaka mai wuya. Ka gaji aikin da wasu suka shekara goma suna yi wa faci, kana buɗewa zuciyarka ta ce share duka a soma sabo. Kamfanin Netscape ya bi wannan shawara, ya ɗauko rubuta manhajarsa ta shiga intanet daga tushe. Tsakanin zubi na 4 a 1997 da na 6 a ƙarshen 2000, Internet Explorer ya kwashe kasuwar. Sau da yawa layin da ka raina, matsala ce wani ya taɓa toshewa da shi. To balle gini, da mutane ke kwana a ciki.

A birnin St. Louis na Amurka, cikin 1954, aka soma tarewa a rukunin gidajen gwamnati mai suna Pruitt-Igoe: benaye 33, kowanne hawa 11, gidaje 2,870. Wanda ya zana su, Minoru Yamasaki, shi ne daga baya ya zana tagwayen benayen New York da aka kai wa hari a 2001. Talakawan da suka fito daga unguwannin da ba ruwa ba banɗakin kirki sun shiga da murna. Amma an ɗaura abin a kan wani lissafi mai rauni. Gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, kula da shi kuwa sai daga kuɗin haya. Ana cikin haka birnin ya soma zubewa, daga mutum sama da 850,000 a 1950 zuwa kusan 620,000 a 1970. Masu hali, galibinsu farar fata, suka koma bayan gari, ayyukan masana'antu suka bi su. Aka bar baƙar fata mafiya talauci. Gidaje suka yi ta zama wayam, kuɗin haya ya ragu, gyara ya tsaya. Lifta, da tun asali a hawa na 1 da na 4 da na 7 da na 10 kaɗai take tsayawa, ta lalace ba mai dubawa. Bututun ruwa suka fashe da sanyin hunturu. A 1969 'yan hayan gidajen gwamnati na birnin suka yi watanni suna ƙin biyan haya.

A 1972 aka sa wa benayen farko nakiya, talabijin ta nuna wa duniya, kafin ƙarshen 1976 an share sauran. Hoton benen yana durƙushewa cikin ƙura ya zama hujjar da ake kafawa cewa irin wannan gini ne mugun iri. A ganinmu an ɗora wa kankare laifin da na aljihu ne. Babban ɓangaren filin ya shekara da shekaru ba a gina komai ba, har ya koma kurmi a tsakiyar birni, masu neman hoton kufai suna zuwa.

Faransa ma ta gina irin waɗannan manyan rukunai bayan yaƙin duniya na biyu, ita ma ta gaji da su. A 2003 ta yi dokar sabunta unguwanni, wadda babban makaminta rusau ne da sake gini. Cikin waɗanda suka ja da wannan akwai masu zanen gini biyu, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, kuma labarinsu ya biyo ta ƙofar gidanmu. Bayan sun gama karatu a Bordeaux a 1980, Vassal ya tafi Nijar ya yi shekara biyar yana aikin tsara birni, Lacaton tana kai masa ziyara. Aikinsu na farko tare bukka ce ta zana da itace a kan tudun yashi kusa da kogi a Yamai. Cikin shekara biyu iska ta kwashe ta. Sun sha faɗin cewa a can suka ga yadda mutane ke yin abu mai amfani da ɗan abin da ke hannu. Abin da duk wanda ya taɓa kafa rumfa a ƙofar gida ya sani, su sai da suka ƙetare hamada suka koyo shi, amma dai sun riƙe.

A 1996 hukumar Bordeaux ta ba su aikin ƙawata wani ɗan dandali mai suna Léon Aucoc. Suka je suka zauna, suka yi hira da maƙwabta, suka dawo suka ce wurin lafiyarsa lau: a sauya tsakuwa, a gyara bishiyoyi, a riƙa shara. Ɗan kwangila nawa ne zai mayar da aiki haka?

Bayan sun gwada dabararsu a benen Bois-le-Prêtre na Paris, mai gidaje 96, da aka kammala a 2011, sai babban aikin ya zo. A unguwar Grand Parc ta Bordeaux akwai benaye uku na farkon shekarun 1960, gidaje 530. Tare da Frédéric Druot da Christophe Hutin, suka bar ƙashin ginin yadda yake. Suka kafa sabon gini mai tsayawa da ƙafarsa a jikin tsohon, daga ƙasa har sama, faɗinsa mita 3.8. Sannan suka ɓare bangon gaba na kowane gida, ƙananan tagogi suka koma ƙofofin gilashi daga daɓe zuwa rufi, masu buɗewa zuwa sabon fili mai haske da baranda a bakinsa. An gyara banɗakuna da wayoyin lantarki, an ƙara lifta. A waje aka ƙero sassan kankaren, ƙugiya ta ɗora su, shi ya sa aikin kowane gida bai wuce mako biyu da 'yan kwanaki ba. Ba a tashi kowa ba. Ba a ƙara kuɗin haya don gyaran ba. Tsohuwar da ta san maƙwabciyarta shekara talatin ta wayi gari da maƙwabciyar tana nan, ga kuma ƙarin ɗaki. Kuɗin da aka kashe bai kama ƙafar na rusau da sake gini ba. Aikin ya ci babbar lambar gine-gine ta Tarayyar Turai a 2019, su biyun kuma suka karɓi lambar Pritzker a 2021.

Kada dai a ɗauka duk gyara alheri ne. Benen Grenfell na Landan, ginin 1974, an yi masa kwaskwarima aka gama a 2016, aka lulluɓe shi da rufin bango mai saurin kama wuta. A daren 14 ga Yuni 2017 gobara ta bi wannan lulluɓi ta haye sama, mutum 72 suka rasu. Mazauna benen sun daɗe suna koke a kan hatsarin gobara, ba a saurare su ba. A Bordeaux an fara da duba ƙarfin ginin da tambayar na ciki abin da suke so. A Grenfell kuwa, binciken da gwamnati ta kafa ya gano an sauya kayan lulluɓin da masu araha don rage kuɗi.

Idan ka nemi hotunan Grand Parc yau, ba za su hana ka barci kamar na Pripyat ba. Wani ya jera tukwanen shuka a sabon filin nasa, wani ya ajiye keke, wata ta shimfiɗa darduma da kujeru, wani kuwa tarkace kawai ya tara ya ja labule.