Ƙwayoyin Garkuwar Jiki a Cikin Ƙarin Sankarar Mama da Abin da Suke Nunawa Game da Makomar Majiyyaciya

Ƙarin da sankarar mama ke haifarwa ba ƙwayoyin cuta kaɗai ya ƙunsa ba. Idan likita ya yanko ɗan ƙaramin nama daga ƙarin, ya duba shi da madubin likita, yakan tarar da fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit sun kutsa cikinsa. Waɗannan su ne dakarun da jiki ke turawa domin yaƙar cutar, kuma yawansu kan haska wa likita yadda jinya za ta kasance.

Sankarar mama iri-iri ce. Akwai wadda sinadaran hormon na mata ke ciyar da ita, akwai mai alamar HER2, akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomi ukun da ake gwadawa. Wannan ta ƙarshe tana da saurin yaɗuwa, kuma ta fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma bisa ga matan Turai.

A shekarar 2018 masana a Jamus suka wallafa bincike kan mata 3,771 da aka bai wa maganin kashe ƙwayoyin sankara kafin tiyata. A cikin masu nau'in da ba shi da alamomi ukun, ƙarin ya ɓace ƙurmus ga kashi 50 cikin ɗari na masu yawan limfosayit, amma ga kashi 31 kacal na masu ƙarancinsu. Masu yawan limfosayit ɗin sun kuma fi tsawon rai. Sai dai a nau'in hormon, yawansu bai kawo ƙarin kwana ba. Haka nan ba kowace ƙwayar garkuwa ce ke taimako ba, domin wasu, irin su makrofaj, sukan koma yi wa ƙarin hidima. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci ƙidayar limfosayit a cikin kundinta na rabe-raben ƙarin mama.

Duk wannan bayani ba ya samuwa sai an gwada naman ƙarin. Don haka muna kira ga iyayenmu mata da su garzaya asibiti da zarar sun ji ƙullutu a mama, kada su guji gwajin. Muna kuma roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi da su wayar da kan magidanta, domin cutar da aka gano da wuri ta fi jin magani.