Amsoshin da ake zubarwa: yadda masana ke zaɓar mafarin sararin samaniya

A shekarar 1967 masanin kimiyya ɗan Amurka Bryce DeWitt ya wallafa wani lissafi da ake kira da sunansa da na John Wheeler. Manufarsa ita ce haɗa ka'idar Einstein ta maganaɗisun nauyi da ka'idar kwantum, wadda ke bayanin halayyar ƙwayoyin zarra, domin a siffanta sararin samaniya baki ɗaya.

Matsalar lissafin ita ce amsoshinsa ba su da iyaka. A ɗakin gwaji, yadda mai bincike ya shirya kayansa ne ke nuna amsar da za a ɗauka. Sararin samaniya kuwa ba shi da wani waje da za a tsaya a shirya shi. Dole ne a ƙaro wata ƙa'ida ta zaɓe, a riƙe amsa ɗaya, a zubar da sauran.

James Hartle da Stephen Hawking sun kawo tasu a 1983: a karɓi siffofin da ba su da gefe a can farko, inda lokaci ke zama kamar wuri. Tambayar abin da ya gabaci farkon, a ganin Hawking, daidai take da neman kudu a bayan ƙarshen kudancin duniya. Alexander Vilenkin na Jami'ar Tufts ya zaɓi amsar da ke nuna sarari yana ɓullowa daga babu, yana faɗaɗa.

A takarda, bambancinsu alamar tarawa ce da ta ɗebewa. Amma ƙa'idar Hartle da Hawking ta fi karkata ga sararin da kumburinsa na farko gajere ne, ta Vilenkin kuwa ga mai dogon kumburi, wanda ya fi kama da namu. Wannan ba ƙaramin rauni ba ne ga ta farkon.

A 2017 Job Feldbrugge da Jean-Luc Lehners da Neil Turok sun sake lissafin da wata hanya, suka ce alamar Vilenkin ce ke fitowa, kuma sararin da ake samu hargitsattse ne, babu mafari mai santsi. Hartle da Jonathan Halliwell da Thomas Hertog da abokan aikinsu suka mayar da martani cewa hanyar da aka bi ce ba daidai ba. Kowane ɓangare dai yana ganin ɗayan ya zubar da amsar da ta kamata a riƙe, kuma har yau babu wani hangen na'ura da ya raba gardamar.