Magungunan Gida da Ciwon Endometiriyosis: Taƙaitaccen Tarihi

Akwai wani ciwo na mata wanda likitoci ba su raɗa masa suna ba sai a 1925, watau endometiriyosis. Yadda abin ya ke, wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa shi ke tsirowa inda ba muhallinsa ba, kamar bisa ma'ajiyar ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. In haila ta zo shi ma sai ya motsa, ya jawo kumburi da tabo da matsanancin ciwon mara, wani lokaci har da rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya kan sami mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190 ke nan. To, tun da ciwon ya girmi sunansa, lalle magungunan gida su ne farkon abin da mata suka dogara da shi.

Daga cikin mafi daɗewar rubuce-rubuce a kan ciwon mata akwai takardar Kahun ta Masar, wadda Flinders Petrie ya tono a 1889, an kuwa rubuta ta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinta an wasafta turara mace da hayaƙi da shafa mata mai. Littattafan Yunanawa da a ke jingina wa Bukurat, na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ƙara da gashi da zama cikin ruwan ɗumi. Amma babban maganinsu shi ne aure: sun ce budurwar da ke fama ta yi hanzarin yin miji, in ta sami ciki za ta warke. Mutanen dā ba su rarrabe wannan ciwon mara da wancan ba, saboda haka kuskure ne a ɗauki kowace majinyaciya ta cikin littattafan nan a ce endometiriyosis gare ta. Shawarar auren dai ta yi tsawon rai ƙwarai, za a sake gamuwa da ita nan gaba.

A 1860 Carl von Rokitansky na birnin Biyana ya ga irin naman nan da madubin likita, ya bayyana shi. Wannan bai sauya kome ba ga mace mai ciwo. A Amurka abin da ta ke iya samu shi ne irin kwalbar da Lydia Pinkham ta fara sayarwa a 1875, haɗin saiwoyi da hulba, wanda kusan kashi 1 cikin 5 nasa barasa ce. Sai a 1921 John Sampson na garin Albani, a jihar Niyu Yok, ya bayyana ƙullutun ma'ajiyar ƙwai masu cike da tsohon jini baƙi-baƙi. Shi ne ya ba ciwon suna, sa'an nan a 1927 ya kawo ra'ayin cewa jinin haila ne ke komawa baya ta bututun ƙwai, ya zube cikin mara, ya kafu.

Daga nan sai tsohuwar shawara ta komo da rigar ilmi. Joe Vincent Meigs, wani shahararren likitan mata na Bostan, ya lura tun daga 1938 cewa ya fi ganin ciwon ga mata masu hali da ke biyan kuɗin ɗaki na musamman, bisa ga talakawan da ke kwance a babban ɗakin asibiti. Ya ɗora laifin a kan jinkirin aure da tsara haihuwa, ya yi ta kira a aurar da 'yan mata da wuri su yi ta haihuwa, wai shi ne rigakafin da ya dace da halitta. Abin da bai auna ba shi ne, mai kuɗi ita a ke yi wa bincike da fiɗa, talaka kuwa a ba ta ƙwaya a sallame ta. Har wa yau ciwon da kansa ya kan hana ɗaukar ciki, ashe ke nan a kan umarci mace ta sha maganin da cutar ta riga ta hana ta. Illar wannan ra'ayi ta fi faɗa wa baƙaƙen fata, domin an daɗe ana koya wa ɗalibai cewa ciwon na Turawa ne. A 1976 Donald Chatman na Shikago ya nuna akwai shi ga baƙaƙen mata, sai dai sau da yawa a kan ce musu ciwon sanyi ne.

Magungunan asibiti na farko su ma hanyar nan suka bi. A 1958 Robert Kistner ya riƙa ba mata ƙwayoyi masu sa jiki ya zama kamar na mai ciki. Danazol, wanda aka yarda da shi a Amurka a 1976, ya kan tsai da haila, amma ya kan kawo ƙiba da ƙuraje da gashin fuska da kaurin murya. Ba abin mamaki ba ne da mata suka shiga neman wata hanya. A 1980 Mary Lou Ballweg da Carolyn Keith suka kafa ƙungiyar masu wannan ciwo a Milwoki, inda mata ke gaya wa juna abin da ya yi musu amfani, na abinci da ganye da hutu. Dalilin bai gushe da wuri ba: a 2020 wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya sami cewa a can mace ta kan yi shekara 8 tana fama kafin a gane ciwonta.

Da masana suka juyo ga gwada waɗannan hanyoyi, sai mafi tsufa ya fi tsayawa da ƙafarsa. Wani gwaji na Amurka a 2001 ya nuna ɗumama mara ya kai ƙwayar ibufurofen rage zafi, wani kuma na Iran a 2009 ya sami kusan haka ga citta. Sai dai mai karatu ya lura, duka biyun an yi su ne a kan ciwon haila na yau da kullum, wanda babu wata cuta a ƙarƙashinsa. Batun abinci ya fi wuya. A 2010 binciken da ya bi ma'aikatan jinya fiye da 70,000 a Amurka ya sami cewa waɗanda suka fi cin irin man da ke jikin kifi, ciwon ya ragu gare su da kashi 22 cikin 100, masu yawan cin daskararren man masana'anta kuwa ya ƙaru da kashi 48. Wannan magana ce ta wanda ciwon ke kamawa, ba ta tabbatar abinci zai warkar da wadda ta riga ta kamu ba. A Italiya a 2012 an hana mata 207 cin alkama da danginta har shekara guda, kashi 75 cikin 100 suka ce sun ji sauƙi, amma ba a ajiye wani rukuni mai cin alkamar don a kwatanta ba, wannan kuwa babban giɓi ne. Allurar Sinawa, da masanan Cochrane suka tace gwaje-gwajenta a 2011, guda ɗaya tak ya cika sharaɗi, mai mata 67.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da aka nuna ya kawar da naman da ya tsiro, iyakarsu rage zafi da taimakon mace ta yi harkokinta. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, cikin jagorarta ta 2022, ta ce likita ya tattauna irin waɗannan hanyoyi da majinyaciya, amma ba ta zaɓi ko ɗaya ta ce a bi ba, don hujja ba ta isa ba. A cikin jagorar nan kuma aka rubuta kada a shawarci mace ta ɗauki ciki don maganin endometiriyosis kaɗai, domin ciki ba kullum ya ke rage alamun ciwon ko hana shi ci gaba ba.