Kayan su na gida a Jiratawa: fatsa, mamari da gura

Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina ya ratsa Jiratawa, Maraɗi da Tibiri, da damina kaɗai yake kawo ruwa. Saboda haka su a yankin sana'a ce ta ɗan lokaci, a gulbi da kududdufan da yake bari, sai kuma tabkin Madarunfa. Kayan kanti suna da tsada, shi ya sa ake haɗa da yawa a gida.

Fatsa ita ce mafi sauƙi: sanda, zaren roba da ƙugiya. Ana ɗaura guntun tsohon silifa ko karan dawa ya yi yawo a saman ruwa; da ya nutse, kifi ya kama. Ɗan guntun ƙarfe ke sauke ƙugiyar ƙasa. Tana, gara ko fara ake maƙalawa.

Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa a jere. Ana shimfiɗa ta da yamma a duba da safe, galibi don tarwaɗa.

Gura tarko ce ta tsumagu da aka lanƙwasa aka lulluɓe da raga. Kifi yana shiga ta ƙananan ƙofofi neman dusar da aka zuba, fita ta gagara.

Girman idon raga shi ne abin lura. Wanda ya yi su da gidan sauro yana kwashe har ƴaƴan kifin da za su hayayyafa baɗi, ya kuma bar iyalinsa ga zazzaɓin cizon sauro.