Jaririyar da Aka Yasar a Tehran a 1953

A 2019 Nazanine Hozar, wadda aka haifa a Tehran ta girma a Kanada, ta fitar da littafinta na farko mai suna Aria. Ƙagaggen labari ne, da Turanci ta rubuta shi. Ya buɗe da wata matalauciya, Mehri, da ta yasar da jaririyarta a wani lungu na birnin a 1953. Wani direban soja mai suna Behrouz ya tsince ta cikin dare, ya kai ta gidansa a kudancin Tehran, inda matarsa Zahra ta riƙe ta riƙon ƙiyayya.

Shekarar da marubuciyar ta zaɓa tana da nauyi a tarihin Iran. A watan Agustan 1953 ne hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka mara wa juyin mulkin da ya kifar da Firaminista Mohammad Mosaddegh baya, shi da ya mayar da man fetur hannun gwamnati. Daga nan Sarki Mohammad Reza Pahlavi ya riƙe ƙasar da ƙarfi na tsawon kwata na ƙarni, wato daidai shekarun da Aria ta girma.

Tehran na kwance ne a gindin duwatsun Alborz. Arewacinta na kan tudu, da sanyin iska da lambuna da gidajen attajirai. Kudancinta na gangare, ga zafi ga cunkoso. Sauye-sauyen da Sarki ya ƙaddamar a 1963 sun raba filayen noma, amma ɗimbin 'yan ƙwadagon ƙauye ba su sami ko taki ɗaya ba, sai suka kwararo birni. Ƙidayar 1956 ta samu mutum kusan miliyan ɗaya da rabi a Tehran. Ta 1976 ta samu kimanin miliyan huɗu da rabi. Da yawa daga cikin baƙin a kudu suka sauka, 'ya'yansu suka tashi a titi.

Hozar ta ɗauke yarinyar daga wannan gangare ta kai ta gidan Fereshteh, mai dukiya, wadda ta sa ta makaranta. A nan littafin ya fi ƙarfi, domin Aria ta ga birnin daga ɓangarorinsa biyu, kuma babu inda ta zama 'yar gida. Yana yin rauni ne idan ya nemi cusa kowane babban lamari na zamanin cikin rayuwar mutum ɗaya.

Unguwannin kudun nan na cikin waɗanda suka cika tituna a juyin juya halin 1979. Ayatullahi Khomeini ya kira mutanensu mustad'afina, waɗanda aka raunana, har aka kafa gidauniya da sunansu a shekarar, aka damƙa mata dukiyar da aka ƙwace daga gidan sarauta. A littafin, ɗaya daga cikin abokan ƙuruciyar Aria na kudu ya ƙare cikin masu ɗauke da bindigar sabuwar gwamnati.